Lambar sanda a manunin jadawalin farashi

Lambar sanda ita ce lambar da manhajar cinikin hannun jari ko ta canjin kuɗi take bai wa kowace sanda a jadawalin farashi, domin manunin da mutum ya rubuta da kansa ya san wadda yake lissafi a kanta. Sanda, wadda ake kuma zanawa da siffar kyandir, tana ɗauke da farashi huɗu na wani tsawon lokaci, misali minti 5: na buɗewa, mafi sama, mafi ƙasa da na rufewa.

Inda ake fara ƙirga

Manhajoji ba su haɗu a kan tsari ɗaya ba. A MQL4, harshen MetaTrader 4 da kamfanin MetaQuotes ya fitar a 2005, sanda ta 0 ita ce ta yanzu, ta 1 kuma wadda ta gabace ta. Da zarar sabuwa ta buɗe, lambar kowace sanda takan ƙaru da ɗaya, don haka manunin da ya ajiye lamba zai koma yana nuna wata sanda dabam. Ajiye lokacin buɗewar sandar ya fi aminci. A MQL5 kuwa, jerin farashin da OnCalculate ke karɓa yana farawa ne daga mafi tsufa, sai an juya shi da ArraySetAsSeries. Pine Script na TradingView ya haɗa duka biyun: bar_index yana ƙirgawa daga mafi tsufa, close[1] kuma yana komawa baya daga ta yanzu.

Lokacin sabuntawa

Nan ne matsalar ta fi wuyar ganowa. A Pine Script, ana gudanar da lissafin manuni sau ɗaya a kan kowace sandar da ta wuce, amma a kan wadda ba ta rufe ba ana maimaita shi duk lokacin da farashi ya motsa. Alamar saye tana iya fitowa a tsakiyar sandar, ta ɓace kafin a rufe ta, alhali ɗan kasuwa ya riga ya zuba kuɗinsa. Idan aka sake loda jadawalin, ba za a ga ko burbushinta ba, sai tarihin manunin ya fi gaskiyarsa kyau. Ana kiran wannan sake zane. Maganinsa shi ne jiran rufewar sanda: barstate.isconfirmed a Pine Script, karanta sanda ta 1 a MQL4, ko Calculate.OnBarClose a NinjaTrader 8. Sai dai alamar za ta makara.

A MetaTrader, sabuwar sanda ba ta bayyana sai farashi na farko ya iso, ko da agogo ya wuce lokacinta.

Gano kuskure

Masu rubuta manuni sukan sa shi ya buga lambar sanda, lokacinta da sakamakon lissafi a kowace sabuntawa, sannan su kwatanta abin da ya fito kai tsaye da abin da ya fito bayan sake lodi. Inda suka bambanta, nan kuskuren yake.