Idan Wata Ya Ƙare, Ubangida Ba Shi da Uzuri

Da kaka ta yi a ƙasar Gumel, aikin lada sai ya buɗe: yankan riɗi a ƙauyukan Gagarawa da Sule Tankarkar, gyaran zoɓo da mata ke yi a rumbunan 'yan kasuwa, lodin manyan motoci ranar Alhamis a kasuwar Maigatari. Ga masu gadi, ga yaran gidan burodi da na gidan mai. Yawancinsu sun san amsar da ake ba su ranar biya: "Ba a sayar da kaya ba tukuna," ko "Alhaji ya tafi Kano, sai ya dawo."

Wannan amsa ba ta da gurbi a Dokar Ƙwadago ta Najeriya, wadda aka kafa tun 1974. Sashe na 15 ya wajabta biya a ƙarshen lokacin da aka yi yarjejeniya a kai, kwana ne ko mako, kuma ko yaya aka shirya, kada tsakanin biya da biya ya wuce wata guda. Faɗuwar farashin riɗi ko jinkirin dillali matsalar mai dukiya ce. Lebura bai shiga cin riba ba, don me zai shiga ɗaukar asara?

Lissafin ma a wuyan ubangida yake. Shi zai rubuta kwanakin aiki da abin da aka biya, ya adana har shekara uku, kamar yadda sashe na 75 ya tanada. Kafin ma'aikaci ya wuce wata uku, dole a ba shi takarda mai ɗauke da irin aikinsa, da kuɗinsa, da lokacin biya. Idan akawu ya yi kuskure, wanda ya ɗauki akawun ne zai amsa.

Inda aka fi cutar talaka shi ne yanke-yanke. Buhu ya yage, a cire. Ka makara, a ci ka tara. Doka ta hana tara. Ko da sakacin ma'aikaci ne ya jawo ɓarna, ba a taɓa kuɗinsa sai jami'in ƙwadago ya amince a rubuce, kuma duk abin da za a cire a wata kada ya haura kashi ɗaya cikin uku. Haka nan da kuɗi ake biya. Ba a ɗora wa mutum kwanon gero a ce ladansa ke nan, ba a tilasta masa cin bashi a kantin maigida. Iyayen gida suna son karin maganar nan cewa kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. To, wanda aka yi wa askin kuma fa?

Sai dai kada a ruɗe mu da maganar naira 70,000, mafi ƙarancin albashin da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Yulin 2024. Bai hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, bai shafi aikin jinga ko ƙwadagon gona na damina da kaka ba. Abin da ke kare waɗannan shi ne cinikin da aka ƙulla, shi ya sa ya kamata a yi shi gaban shaidu, ko a tura adadin ta saƙon waya.

A manyan kamfanoni akwai fansho: kashi 8 cikin ɗari daga ma'aikaci, 10 daga kamfani, a zuba cikin kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi. Ganin an cire ba ya nufin an zuba, don haka a riƙa duba asusun.

Wanda aka danne wa haƙƙi ya fara da mai unguwa ko shugaban ƙungiyarsu. In abin ya ci tura, akwai ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya a Dutse, akwai Kotun Ma'aikata a Kano. Can za su tambayi ranar fara aiki, da nawa aka yi ciniki, da wanda ya shaida.