Ledar Kasuwar Wunti Da Ruwan Teku

Duk wanda ya bi ta Kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal a birnin Bauci bayan an ɗauke ruwan sama, zai tarar lambatu sun cika da leda baƙa da ta fiyawata. Jama'a sukan ce ai ruwa zai tafi da ita. Lalle yana tafiya da ita, amma tafiyar tana da nisa. Kogin Gongola, wanda ya ratsa ta Dindima a kan hanyar Gombe, yana zubawa cikin Binuwai a Numan, Binuwai ta haɗu da Kwara a Lokoja, daga nan sai teku.

Leda ba ta ruɓewa kamar ganye. Rana da guguwar ruwa suna farfasa ta har ta zama ɓarɓashi, kuma abin da bai kai milimita 5 ba shi masana suke kira ƙurar roba. Wani masanin Jami'ar Plymouth ta Ingila, Richard Thompson, shi ya fito da wannan magana fili a 2004. Kifi yakan haɗiye ƙurar yana zaton abinci ne, mutum kuwa ya ci kifin. A 2022 masana a Amsterdam suka gwada jinin mutum 22, suka sami ƙurar roba a jinin 17 daga cikinsu. A 2017 kuma masu bincike a Jamus suka sa Kwara cikin koguna 10 da suka fi kai roba teku.

To, teku faɗi gare ta, masana kuwa kaɗan ne, saboda haka aka koma ga talakawa. Tun 2005 wani shehun malami a Tokyo, Hideshige Takada, ya roƙi mutanen da ke zaune bakin teku a ko'ina cikin duniya su tsinto masa 'yan ƙwayoyin roba da ruwa ya watso kan yashi, musamman waɗanda suka ja rawaya don daɗewa. Ana ɗauka da hantsaki na ƙarfe, watau kada hannu ya taɓa, a naɗe, a rubuta wuri da rana, a aika ta gidan waya. Shi kuma ya auna gubar da ta manne musu, irin su maganin ƙwari DDT. Da haka mutanen bakin teku suka zana masa taswirar da ba zai iya zanawa shi kaɗai ba.

Aikin bai fi ƙarfin Bauci ba. Rariya, da kwalba mai tsabta, da littafin rubuta ƙidaya, sun isa ɗaliban sakandare su riƙa tace yashin bakin madatsar Gubi, inda garin yake shan ruwa, sau ɗaya da rani sau ɗaya da damina. Sauran aikin auna abin da aka tace, wannan na ɗakunan gwaji ne na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa.