Itacen Turawa Marar Ƙaya Da Magaryarmu Mai Aure

Ya ku manoma da dagatan ƙasar Katsina, an sha tambayar malaman gona labarin wani ɗan itace na Turai da Amurka wanda ake kira bilakberi, ko zai yiwu mutum ya dasa shi a bayan ɗakinsa. Ga amsa.

Shi dai wannan tsiro asalinsa sarƙaƙƙiya ce ta daji mai ƙaya. 'Ya'yansa baƙaƙe ne kamar ɗinya, suna da zaƙi da ɗan tsami, ba su da ƙwallo sai ƙananan tsaba. Masana suka yi ta barbarar iri da iri har suka sami wanda ba shi da ƙaya. Jami'ar Arkansas ta Amurka ta soma wannan aiki a 1964, ta fid da iri dabam dabam, kamar Navaho da Arapaho. Sandarsa shekara 2 take yi: ta fari ta yi tsawo, ta biyu ta yi 'ya'ya, kana ta bushe, a sare ta, wata ta fito daga saiwa.

Amma fa akwai magana. Wannan itace ba ya yin fure sosai sai ya yi barci cikin sanyin da ya kasa digiri 7, wani iri sa'a 400, wani har 800. To, ina Katsina za ta sami wannan? Ko cikin tsakiyar hunturu, sa'ad da kowa ke jin wuta, da wuya darenmu ya sauka can. Ga kuma zafin bazara, wanda yakan kai digiri 40, ya ƙone ganye da 'ya'ya. Wanda ya sayi dashensa da tsada ya yi ta ɗibar masa ruwan rijiya, abin da zai samu ganye ne. Sai ko a bisa tuddan Jos da Mambila, can ma gwaji ne.

Abin da ya kamata mu ɗauka shi ne dabarar, gama mu ma muna da namu mai ƙaya, watau magarya. A ƙasar Indiya an daɗe ana zaɓen irinta, har aka sami Gola da Umran, masu 'ya'ya kamar ƙwan zabo, ninki 10 na tamu ko fiye, da garɗi kamar tuffa. Tashar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore, kusa da Yamai, ta yaɗa su a Nijar bayan shekarar 2000. Gaskiya ƙaya ba ta rabu da su sarai ba, kada wani ya ruɗe ku.

Ba a shuka ƙwallonta, domin abin da ya tsiro ba lalle ya gaji uwarsa ba. Aure ake yi mata, kamar yadda ake yi wa mangwaro. A nemi magaryar gida matashiya, mai kaurin fensir, a ɗauko ido ko ɗan reshe na kyakkyawan iri a haɗa, a ɗaure da leda. Saiwar tamu ce, ta san fari da jigawa. Kan kuwa na baƙuwa ne. Kowane toho da ya fito ƙasa da wurin auren a cire shi nan da nan, in ba haka ba zai rinjayi baƙuwar, a koma gidan jiya.

A haƙa rami kamu 1 zurfi da faɗi, a cuɗa ƙasarsa da ruɓaɓɓen taki, a dasa da faɗuwar damina, cikin watan Yuni ko Yuli. A bar taki 6 tsakanin itace da itace. A yi shinge, gama akuya ba ta ƙyale ganyen magarya. 'Ya'ya sukan nuna da hunturu. Bayan an gama tsinka, da bazara, a sassare rassa ƙwarai, domin a sabon reshe take haihuwa. Babban abokin gabanta wani ƙuda ne mai sa tsutsa cikin 'ya'ya. Duk wanda ya faɗo ƙasa a tsince shi a binne da zurfi.

Dagacin da ya sami itace guda mai aure, ya sa a riƙa yanka wa talakawansa reshe daga jikinsa.