Ɗigo Ɗaya a Kan Takarda: Zanen Da'irar Lantarki da Ladubbansa

Wani dare cikin watan Afrilu, lokacin da zafin Yola yake kai matuƙa har mutum ya rasa inda zai sa kansa, na tarar da ɗan ƙanena zaune a kan tabarma bakin ƙofar ɗakinsa a nan Yolde Pate, ya kunna fitilar caji, ya tasa wata takarda a gaba yana kallonta kamar wanda aka kawo wa sammaci. Yaron yana karatun injiniyan lantarki ne, an kuwa ba su aikin harhaɗa wata 'yar na'ura mai cajin batir, ya sayo kayan a Jimeta da 'yan kuɗin da ya daɗe yana tarawa, ya kwana biyu yana liƙa su da dalma, amma da ya jona wuta sai wani siririn hayaƙi ya tashi, ƙauri ya cika ɗakin, abin ya mutu murus. Na ce, "Ɗana, lafiya?" Ya ce, "Wallahi Bappa, yadda aka zana haka na haɗa, ban ƙara ba, ban rage ba." Gaskiya kuwa ya faɗa. Da muka matso da fitila muka duba da kyau, sai muka ga ashe takardar hoton hoto ce, an yi ta ɗaukarta daga hannu zuwa hannu har baƙin ya fara cin farin, kuma a daidai inda layi biyu suka gitta juna injin ɗaukar hoto ya bar wani ɗan tabo da bai wuce ƙwayar gero ba. Shi ya karanta tabon nan a matsayin ɗigon mahaɗa, ya ɗaure wayar da ke ɗauke da wuta da wadda ke komawa ƙasa.

Ni ba injiniya ba ne, amma duk wanda ya riƙe allo a makarantar Alƙur'ani ya san wannan ciwo, domin malamanmu sun daɗe da sa masa suna, suna ce masa tas'hifi, wato a karanta kalma ba daidai ba saboda ɗigo ya ɓace, ko ya ƙaru, ko ya gusa daga muhallinsa. Rubutun Larabci a farkon al'amari galibi ba shi da ɗigo, har ba da ta da nun da ya suka zama kamanninsu ɗaya a tsakiyar kalma, sai da Musulunci ya yaɗu, waɗanda ba Larabawa ba suka shigo da yawa, kuskure ya yawaita, sannan a zamanin Hajjaju ɗan Yusufu, kamar yadda malaman tarihi suka ruwaito, aka sa Nasru ɗan Asimu da Yahaya ɗan Ya'amaru suka tsara ɗigon da ke rarrabe haruffa, daga baya Halilu ɗan Ahmadu ya kawo siffar wasullan da muke gani yau. Duk da haka cutar ba ta warke ba, har Abu Ahmad al-Askari ya wallafa littafi sukutum a kan tas'hifin masu ruwaito hadisi, kuma shi ya sa magabata suka yi ta gargaɗin kada a ɗauki ilimi daga wanda takarda kaɗai ce malaminsa.

Abin da nake son ɗalibanmu su gane shi ne zanen da'irar lantarki, wanda masu sana'ar ke ce wa sakit, rubutu ne, yana da haruffansa da ƙa'idojinsa, har da saɓanin riwayoyi, kuma wanda ya ɗauke shi ado ne da ake yi bayan an gama lissafi, zai biya kuɗin wannan zato a kasuwar Jimeta. Kowace alama hoto ce da aka taƙaita har ta zama harafi. Alamar batir, dogon layi da gajere a jere, tana tuna mana da fayafayan ƙarfe iri biyu da Volta ya jera a Italiya cikin 1800, an kuma yi ittifaƙi cewa dogon shi ne ɓangaren ƙari, gajeren na ragi. Kafasito layi biyu ne masu tsawo ɗaya da 'yar tazara a tsakaninsu, ma'anar kuwa tana cikin tazarar, domin ita ke cewa faranti biyu ne suna fuskantar juna ba su taɓa ba. Ɗalibin da ya yi gaggawa ya bari bakin fensirinsa ya cike gurbin nan ya rubuta wani abu dabam. Naɗin waya an zana shi a murɗe yadda yake, naɗi biyu suna kallon juna kuwa taransifoma ke nan, jikan binciken da Faraday ya yi a Ingila cikin 1831. Dayod kamar kan kibiya ne ya tunkari bango, yana barin wuta ta wuce ta fuska ɗaya, ya tare ta idan ta juyo.

A nan akwai wani abin dariya da malamai kan ambata. Kibiyar tana nuna wuta na gudana daga ƙari zuwa ragi, bisa sunayen da Benjamin Franklin ya raɗa tun ƙarni na 18, alhali da Thomson ya gano ƙwayar lantarki cikin 1897 sai aka tarar cewa a cikin waya ƙwayoyin akasin haka suke tafiya. Ba a sauya komai ba, domin ijma'i ya riga ya ƙullu, littattafai sun cika duniya, lissafin kuma yana fita daidai muddin kowa ya tsaya a kan isɗilahi guda.

Amma fa isɗilahin bai zama guda ba a kowane babi, kuma a nan ne yaranmu suka fi shan wahala. Akwai mazhaba biyu manya. Ɗaya ta hukumar daidaita al'amuran lantarki ta duniya ce, IEC, wadda aka kafa a Landan cikin 1906, yanzu mazauninta Janiba, ta tattara alamominta a kundi mai lamba 60617; ɗayar ta Amurkawa ce, kundinsu na IEEE mai lamba 315 na shekarar 1975. Rizisto, wato abin da ke rage gudun wuta, a wajen na farko ɗan akwati ne mai tsawo, a wajen na biyu layi ne mai zarya kamar haƙoran zarto. Mu a Nijeriya tafarkin Ingila muka gada, ita kuwa ta bi na duniya, sai dai littattafan da ɗalibi ke karantawa da bidiyon da yake kallo a intanet da takardun da kamfanoni ke rakiyar kayansu da su, da yawansu na Amurka ne, har ya wayi gari yana zana akwati a kusurwar dama, haƙoran zarto a ta hagu. Wanda ya taso da allo bai kamata wannan ya ba shi mamaki ba. A rubutunmu na Magariba, wanda muke rubuta riwayar Warshu da shi, fa ɗigonta ɗaya ne a ƙasa, ƙaf kuma ɗaya a sama. A bugun Gabas fa ce ke da ɗaya a sama, ƙaf biyu. Harafi guda mai ɗigo a ka, a Yola ƙaf ne, a Alƙahira fa.

Haka al'amarin yake a mahaɗar wayoyi, kusan ƙafa da ƙafa. Tsofaffin masu zane idan waya za ta tsallake wata ba tare da sun haɗu ba sai su yi mata ɗan tozo, kamar na raƙumi, ta hau ta sauka, saboda haka gicciyen da ba shi da tozo a wajensu haɗuwa ce. Na baya suka jefar da tozon, suka ce gicciye tsura rabuwa ce, haɗuwa sai da ɗigo. Ga siffa ɗaya da ma'ana biyu masu kishiyantar juna, kuma duk littattafan biyu suna nan a kan kantar ɗakin karatu ɗaya. Maganin da gwanaye suka samo, wanda a ganina ya kamata a koyar tun makon farko, shi ne kada a taɓa haɗa waya huɗu a wuri guda: a gusa ɗaya kaɗan, mahaɗar ta rabu biyu, kowace mai ƙafa uku, ta yadda ko ɗigon ya goge siffar da kanta za ta shaida cewa an haɗu, gicciye kuwa ya zama ba ya nufin komai sai wucewa. Da mai zanen takardar ɗan ƙanena ya bi wannan a ko'ina, da yaron ya zargi tabon tun kafin ya ɗora dalma. Tsoron ɓatan ɗigo ne kuma ya sa suke rubuta 4k7 maimakon 4.7k, harafin ya tsaya a gurbin ɗigon, domin idan ɗigo ya faɗi rizisto mai om 4,700 ya koma mai 47,000, ninki goma ke nan, ba wanda ya ji ƙarar faɗuwarsa.

Sauran ladubban ba su da wuyar faɗi. Aiki ya taso daga hagu ya nufi dama, ƙari a sama, ƙasa a ƙasa, kowane abu da sunansa da ƙimarsa a gefensa, R1 da R2 da C1, makunni da rile kuma a zana su a halin da suke kafin wuta ta shiga. Sa wa sassa haruffa ma ba baƙon abu ba ne gare mu, don al-Jazari, wanda ya kammala littafinsa na dabarun handasa a Diyar Bakr cikin 1206, haka ya yi wa zane-zanen injunansa, ya bi su da sharhi harafi bayan harafi. Abin da ya fi wuyar shiga kan ɗalibi shi ne zanen bai damu da inda kaya suke zaune a zahiri ba, abin da ya dame shi wa ke haɗe da wa. Wani mai zanen injiniya, Harry Beck, da wannan tunani ya zana taswirar jiragen ƙarƙashin ƙasa na Landan da aka buga cikin 1933, ya watsar da nisa da karkatar hanya, ya bar tashoshi da mahaɗai kawai, ga shi har yau biranen duniya suna kwaikwayonsa.

To, mu dawo gida. Wutar da ke zuwa mana ta taso ne ta layin Gombe mai bolt 330,000, a sauke ta mataki-mataki har zuwa 33,000 da 11,000, kafin taransifomar unguwa ta mayar da ita 415 tsakanin layi da layi, kimanin 240 a soket ɗin ɗaki, kuma dukan wannan injiniya yana iya shimfiɗa shi a takarda ɗaya da zane mai layi guda, inda da'ira biyu masu shiga juna ke nufin taransifoma. Amma da zarar wutar ta ƙetare mita ta shiga gida, rubutu ya ƙare, an koma hadda. Yolde Pate unguwa ce da gine-gine ke ta tashi, gida da yawa kuma yanzu mashiga uku gare shi: wutar kamfani, wadda har gobe NEPA muke ce mata, da janareta, da sola mai batir da inbata. Na ga gidan da masu wayarin uku suka yi wa aiki cikin shekaru kaɗan, ba wanda ya bar ko layi ɗaya a rubuce, ga jan waya da baƙa na tsohon tsari sun cakuɗe da ruwan ƙasa da shuɗiya na sabo, na huɗu ya zo ya wuni a cikin silin yana gumi yana bin waya da abin gwaji kamar mai bin sawun ɓarawo. Asarar wuni ɗaya mai sauƙi ce. Babban haɗarin yana wajen makunnin sauya layi, wanda aikinsa shi ne tabbatar da janareta da layin kamfani ba su taɓa gamuwa ba, domin taransifoma ba ta san gaba da baya ba: idan wutar janareta ta koma kan layi, sai ta ɗaga ta zuwa dubbai, alhali wani bawan Allah yana bisa turke yana gyara da yaƙinin an kashe wuta.

Za a ce ai yanzu kwamfuta ke zane, kuma haka ne. Akwai KiCad, wadda Jean-Pierre Charras ya fara a Faransa cikin 1992, kyauta ake samunta, akwai kuma zuriyar SPICE, wadda ta fito daga jami'ar Berkeley cikin 1973, masu gwada da'ira kafin a sayi ko da rizisto ɗaya, ban kuwa ga dalilin da zai sa ɗalibi ya gama karatu bai iya su ba. Sai dai kwamfuta tana ƙawata kuskure kamar yadda take ƙawata daidai, kuma waya tana iya tsayawa gab da ƙafar taransisto, ido ya ga sun haɗu, alhali ba su haɗu ba. Ra'ayina shi ne a fara da fensir da rula, ɗalibi ya zana, ya miƙa wa abokinsa ya harhaɗa ba tare da an yi masa bayani da baki ba, in ta yi aiki zanen ya inganta, in ba ta yi ba a wanke allo a sake. Ɗan ƙanena haka ya yi a karo na biyu: ya sake zana da'irar da hannunsa, ya raba kowace mahaɗa, ya kai wa malaminsa ya duba kafin ya koma kasuwa.

Saboda haka ina roƙon malaman wannan fanni a Jami'ar Modibbo Adama da ke Girei, wadda aka kafa cikin 1981 domin fasaha tun asali, da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jiha a Jimeta, da na makarantun koyon sana'a, su ba zane makinsa na kansa a jarrabawa, su kuma bayyana a kan kowace takarda mazhabar da aka bi. Kai kuma maigida, idan mai wayarin ya gama maka aiki, kada ka cika masa ragowar kuɗinsa sai ya zana maka abin da ya yi, da kwanan wata da sa hannunsa, ka sa takardar a leda ka manna ta a cikin murfin akwatin fiyus.