BOM ƊIN HIROSHIMA: ANNOBA CE KO TA'ASA?

Jama'a, akwai gardamar da masu ilmi suka daɗe suna yi, wai shin abin da ya sami birnin Hiroshima na ƙasar Japan a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu za a lissafa shi cikin annoba, kamar fari da ambaliya, ko kuwa sunansa dabam ne? Kada mai karatu ya ce ina ruwan mutumin Gumel da wannan. Samarin Arewa da yawa sun yi yaƙi da Japan a dajin Burma, kuma bayan bom ɗin ne yaƙin ya ƙare aka komo da su gida.

Mu a ƙasar Gumel mun san annoba. Yunwar 1914 da farin 1973 sun gwada mana ita. Damina ta ɗauke, gero ya bushe a gonakin Gagarawa da Sule Tankarkar, shanu suka yi ta faɗuwa. Ba wanda za a kai ƙara gaban alƙali don ya hana ruwa sauka.

To, Hiroshima fa? Ran 6 ga Agusta 1945, da ƙarfe 8:15 na safe, jirgin saman Amurka ya saki bom guda ɗaya tak. Kafin shekarar ta fita mutum wajen 140,000 sun halaka, waɗansu nan take, waɗansu kuwa a hankali, gashi yana zuba, jini yana lalacewa. In yawan gawa ake dubawa, ba mai musun bala'i ne. Amma mutane ne suka zauna a ofis suka jera sunayen garuruwa. Birnin Kyoto yana cikin jerin, Sakataren Yaƙi Henry Stimson ya sa aka cire shi. Ran 9 ga wata jirgi ya nufi Kokura, sararin garin bai buɗe ba, sai ya juya ya saki nasa a Nagasaki. Fari ba ya zaɓen gari haka.

Saboda wannan muke ganin kalmar annoba ta yi wa abin sauƙi, domin tana ɓoye hannun da ya aikata. Masu kare Shugaba Truman suna cewa bom ɗin ya gajarta yaƙi, ya tsirar da rayuka, watakila har da na 'yan'uwanmu sojoji. Hujja ce mai nauyi, ba mu raina ta ba. Sai dai duk mai kawo hujja ya riga ya yarda cewa aiki ne aka yi da niyya, gama ba a taɓa jin wanda ya tashi yana kare fara ba.

Shugabanninmu na farko ma haka suka ɗauke shi. Ran 13 ga Fabrairu 1960 Faransa ta gwada bom ɗinta na farko a Reggane, cikin hamadar Aljeriya. Hankalin mutane ya tashi ƙwarai, don kuwa daga wajen Sahara iskar hunturu take kaɗowa, kuma garuruwan bakin iyaka irin su Maigatari su ne farkon shan ƙurarta. Da Faransa ta yi gwaji na uku a watan Disamba, gwamnatin Alhaji Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ba ta ce ƙaddara ce ba. A Janairu 1961 ta sallami jakadan Faransa daga Ikko, ta kuma hana jiragen ƙasar na sama da na ruwa shigowa Nijeriya.