Amai Ga Ƙananan Yara: Yaushe Za A Tafi Asibiti?

'Yan'uwa, ba da daɗewa ba za mu watsu cikin ƙauyuka mu kama aikin koyarwa. A can kuwa malami ba na aji kaɗai ba ne. Wata rana uwa za ta zo ƙofarka da ɗanta ɗan shekara biyu yana amai, ta ce, "Malam, yaya zan yi?" Ya kamata mu san amsa.

Yawancin amai na yara daga ƙwayoyin cuta ya ke, waɗanda su kan shiga ciki ta ruwa ko abinci ko hannu marar tsabta. Sau da yawa zawo ya kan biyo baya. Irin wannan ya kan lafa cikin kwana ɗaya ko biyu. Abin tsoro shi ne ƙarewar ruwan jiki, gama jikin yaro ƙarami ne, nan da nan sai ya bushe.

Saboda haka, in yaro ya yi amai a dakata minti 10, kāna a riƙa ba shi ruwan gishiri da sukari, ƙaramin cokali ɗaya kowane minti ɗaya ko biyu. Ƙunshin da a ke samu a asibiti ya fi kyau, a zuba shi cikin ruwa gwargwadon yadda aka rubuta a jikinsa. In babu, a sa sukari ƙaramin cokali 6 da rabin cokali na gishiri cikin lita 1 ta tafasasshen ruwa wanda ya huce. Mai shan nono kada a hana shi.

Amma lalle a tafi asibiti ba tare da jinkiri ba:

1. In duk abin da ya sha yana dawowa, ko ya kasa sha.
2. In idanunsa sun faɗa, ko ya yi awa 8 bai yi fitsari ba.
3. In ya yi laushi ba ya farkawa sosai, ko yana jijjiga.
4. In aman kore ne, ko da jini, ko ciki ya kumbura yana ciwo.
5. In jiki ya yi zafi, domin a gwada jini ko zazzaɓin cizon sauro ne. Wuya ya sandare kuwa alamar sanƙarau ce.
6. In ya faɗi ya bugi kai kafin aman.
7. In ya sha kananzir ko maganin manya. Kada a sa shi amai, kada kuma a ɗura masa manja.
8. In aman ya wuce yini da kwana.

Akwai maganar da ta kan jawo hasarar rai, watau "haƙori ne." Fitar haƙori ba ta sa yaro ya yi ta amai. Kada a zauna jiran haƙori ya fito alhali ruwa yana ƙarewa. Gara a je likita ya ce ba kome, da a je bayan lokaci ya ƙure.