Ko Kun Sani? Yadda Magani Ke Isa Can Bayan Ido

Ko kun san da ƙyar maganin ɗigawa yake isa ratina, wato siririn tantanin da ke shimfiɗe a can bayan ƙwayar ido, mai karɓar haske? Hawaye da ƙiftawa sukan wanke mafi yawansa cikin 'yan mintoci. Ƙwayar da aka haɗiya ma ba ta ratsawa da sauƙi, domin jijiyoyin jinin ratina na tace duk abin da zai shige ta.

Shi ya sa likitocin ido ke kai maganin har wurin da allura. Sai a kashe zafin idon, a soka siririyar allura ta farinsa, a zuba kimanin mililita 0.05, kwatankwacin ɗigo guda. Labarin ya fi aikin ban tsoro: mintoci kaɗan an gama.

Wani abin mamaki, Avastin maganin ciwon dajin hanji ne da Amurka ta amince da shi a 2004. A 2005 likitoci suka fara yin allurarsa a ido. Lucentis ya biyo baya a 2006, Eylea a 2011. Dukkansu suna dakatar da tsirowar raunanan jijiyoyi masu yoyo, suna kuma rage kumburin ratina, irin wanda ke dusashe ganin masu ciwon suga.

Wahalar ita ce maimaitawa, sau da yawa wata-wata, kuma wannan nauyi ne babba ga wanda asibiti ya yi wa nisa. Don haka aka ƙirƙiro irin su Iluvien, ɗan mitsitsin bututu da ake sakawa cikin ido, yana sakin magani sannu a hankali har shekara 3.